Yadda Ake Gano Abin Da Ke Shanye Wutar Lantarki A Gida Da Na'urar Auna Wuta

Tun da mita mai kati ta yaɗu, ƙorafin da aka fi kawo wa mai aikin wuta shi ne cewa an saka kati shekaranjiya ga shi har ya ƙare, alhali ba a kunna komai ba. Zargi kan fara sauka a kan mita, sannan kamfanin rarraba wuta, sannan maƙwabta. Kowanne daga cikinsu yana iya zama sanadi, amma a mafi yawan gidajen da na duba, abin da ke shanye wutar yana cikin gidan ne, ko dai a jone yake yana ci ba dare ba rana, ko kuma yana tashi da kansa a lokacin da kowa ke barci. Tun daga watan Afrilun 2024, lokacin da NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, ta kai kuɗin yunit ɗaya naira 225 ga masu rukunin Band A, wato waɗanda aka ware a matsayin masu samun wuta mafi yawan awoyi a rana, kafin daga baya a ɗan rage shi, wannan ɓoyayyen ci ya zama abin da aljihu ke ji.

Lissafin da ake buƙata kaɗan ne. Wat shi ne ma'aunin yawan wutar da abu ke ja a daidai lokacin da yake aiki, yunit kuwa shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya, kuma shi ake biya. Abin da ke jan wat 100 kullum, a gidan da ke samun wuta awa 20 a rana, yana cin yunit 60 a wata, wato naira 12,000 idan aka ƙaddara yunit a kan naira 200. Dutsen guga mai wat 1,000 da ake amfani da shi rabin awa a rana, wanda kowa ke ɗora wa laifi, yunit 15 kawai yake ci a wata.

Kayan aiki

Na farko ita ce na'urar auna wutar gida, wadda ake ɗaurawa a akwatin rarraba wuta, tana da zobe mai buɗewa da ake maƙala wa babbar waya ba tare da an yanke ta ba. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai ɗan allo kawai, kamar PZEM-061, wadda ke nuna bolt (ƙarfin wutar) da amfiya (yawan wutar da ke bi ta waya) da wat da jimillar yunit, tana da araha amma ba ta ajiye tarihin sa'o'i. Akwai kuma mai haɗuwa da wayifai, kamar Shelly EM ko Emporia Vue, wadda ke zana cin wutar gida a manhajar waya. Ta biyun ta fi dacewa da wannan aiki, domin abin da ke tashi da tsakar dare a zane kaɗai ake kama shi. Kafin ka biya kuɗi ka tabbatar da cewa tana aiki da bolt 230 irin na Najeriya, kuma zobenta ya kai girman babban birekar gidanka, wato makashin da ke yanke wutar gidan gaba ɗaya, wanda yawanci amfiya 63 ne ko 100, sannan tana auna bolt da kanta. Wadda ba ta auna bolt, tana ƙaddara cewa kullum 230 ne, ba ta da amfani a unguwar da wuta ke sauka zuwa 180 da magariba. Idan gidan mai fes uku ne, wato layin wuta uku ke shigo masa, sai mai zobe uku.

Na biyu mitar soket ce, wadda ake cusawa a soket sannan a cusa filogin kaya a jikinta. Na uku kilam-mita irin ta masu gyaran wuta, wato na'urar hannu mai baki da ake rungume waya da shi ta nuna amfiya, kuma ana iya aron ta. Sai tocila, testa, sukuddireba mai hannun roba, takalmi busasshe mai tafin roba, tef ɗin takarda da alƙalamin maka don rubuta sunan kowane bireka, da littafi da biro. Littafin nan ba abin rainawa ba ne, domin wanda ya dogara da kansa zai manta lambar da ya gani a bireka na uku kafin ya kai na bakwai. A ƙarshe kana buƙatar mutum na biyu da zai riƙa zagaya ɗakuna, da kuma ƙwararren mai aikin wuta a ranar ɗaura na'urar.

Mataki na 1: Ka tabbatar da cewa wutar ce ke tafiya

Ka ɗauko rasit ɗin katin da ka saya a watannin baya, ka duba yunit nawa aka ba ka a kan kuɗin da ka biya. Ana cire harajin kashi 7.5 cikin 100, wani lokaci kuma ana cire wani kaso na tsohon bashin da ke kan gidan, ko kuma an sauya wa layinku rukuni. Idan yunit ɗin da ake ba ka ne ya ragu, babu na'urar da za ta gano komai a cikin gida, magana ce ta ofis. Idan kuwa rasit daidai yake, sai ka riƙa rubuta ragowar yunit da ke kan mita kullum a lokaci ɗaya, misali bayan sallar asuba, har tsawon mako guda, tare da ƙiyasin awoyin da aka samu wuta a kowace rana. Wannan shi ne ma'aunin da za ka gwada komai da shi daga baya.

Mataki na 2: Ka bi hanyar wuta daga mita zuwa ɗakuna

A gidajenmu wuta ba ta tafiya kai tsaye daga mita zuwa akwatin rarrabawa. Sau da yawa takan bi ta canjoba saboda janareta, ta shiga babban sitabilaiza, wani reshe ya tafi inbata, wani kuma a zare shi tun daga baya a kai wa sumon rijiyar burtsatse ko shagon ƙofar gida. Ka bi wayoyin da ido, ka zana su a littafi. Wurin da ya dace a maƙala zoben shi ne kan wayar layif, wato mai kawo wuta, da ta fito daga mita, kafin kowane reshe ya rabu da ita. Idan ka maƙala shi bayan canjoba, na'urar za ta haɗa wutar janareta da ta kamfani, jimillar ba za ta taɓa yin daidai da mita ba. Idan ka maƙala shi bayan inbata, ba za ka ga wutar da ke tafiya cajin batir ba, kuma a gidaje da dama nan ne ɓarnar take.

Mataki na 3: Ɗaura na'urar

Wannan aikin mai gyaran wuta ne, kuma ko da za ka tsaya a kansa ya kamata ka san abubuwa huɗu. Na ɗaya, kashe babban bireka ba ya kashe wayoyin da ke shigowa cikinsa daga mita, suna nan da wuta. Na biyu, ɗauke wuta da kamfani ya yi ba kariya ba ce, domin ana iya dawo da ita a kowane lokaci, don haka sai a kashe daga makashin da ke bayan mita, a kashe inbata da janareta, sannan a gwada da testa. Na uku, kada a taɓa hatimin mita ko wayoyin da ke gabanta, wannan hurumin kamfani ne kuma taɓa shi laifi ne a doka. Na huɗu, a fara jona wayoyin zoben a jikin na'urar kafin a maƙala shi, domin wasu zobban idan aka bar bakinsu a sake alhali wuta na bi ta tsakiyarsu, sukan tara bolt mai haɗari.

Zoben waya ɗaya tak yake so, wato layif. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rungume layif da nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, tare, sai na'urar ta nuna sifili, a ce ta lalace. A rufe zoben har sai an ji ƙarar kamawarsa, domin ko ɗan ƙasa ne ya shiga tsakanin bakinsa biyu awon zai ragu. Akwai kibiya a jikinsa da ke nuna inda wuta ke fuskanta, kuma idan lamba ta fito da alamar ragi, juya shi kawai za a yi. Wutar da na'urar kanta ke amfani da ita a ɗauko ta daga bireka na daban, a kan fes ɗin da zoben yake, a kuma rubuta masa suna don kada a kashe shi a lokacin bincike.

Mataki na 4: Ka gwada na'urar da abin da ka san cinsa

Ka duba lambar da ke kan allo, ka kunna butar lantarki, ka ga nawa ta ƙaru. Idan an rubuta wat 2,000 a gindin butar kuma wuta tana kusa da bolt 230, ƙarin ya kamata ya zo kusa da haka. Idan wuta ta yi ƙasa kada ka zargi na'urar, domin a bolt 190 butar nan wat 1,360 ko makamancin haka za ta ja. Bayan nan ka bar ta kwana ɗaya cur, ka gwada yunit ɗin da ta ƙirga da wanda ya ragu a mita. Bambancin kashi biyu ko uku cikin ɗari ba komai ba ne. Idan mita ta fi ta ci sosai, to akwai reshen da ya rabu kafin zoben, ko kuma matsalar da za mu zo kanta a mataki na 9.

Mataki na 5: Ka nemo cin tushe

Cin tushe shi ne wutar da gida ke ja lokacin da babu wanda ke amfani da komai. Ka bar na'urar ta yi kwana biyu ko uku tana zana, sannan ka nemi inda layin ya fi sauka. Da sanyi wannan kan kasance tsakanin ƙarfe biyu na dare da kiran sallar farko. Da bazara kuwa fankoki ba sa hutawa da dare, don haka gara ka zaɓi hantsi, bayan yara sun tafi makaranta, ka zagaya ka kashe fitilu da fankoki da talabijin kamar yadda aka saba kashe su, ba tare da ka zare filogin komai ba. Kada ka ɗauki awo a cikin awa ta farko bayan an dawo da wuta, domin a lokacin firji da firiza da inbata duk suna rama abin da suka rasa.

Lambar da ka samu ka rubuta ta da girma a saman shafi. A matsakaicin gida mai firji ɗaya da dikoda da rauta (akwatin wayifai), idan injin firji ya tsaya, ba na sa ran ganin fiye da wat 50. Duk abin da ya haura 150 yana da bayanin da ya kamata a nemo.

Mataki na 6: Ka kashe bireka ɗaya bayan ɗaya

Ka kashe kwamfuta da duk abin da yankewar wuta ke iya lalatawa. Ka tsaya a gaban akwatin, ka sauke bireka na farko, ka jira kamar rabin minti lambar ta zauna, ka rubuta nawa ta ragu, abokin aikinka kuma ya zagaya ya gaya maka ɗakunan da suka mutu, ka rubuta a tef ka manna. Ka bar shi a kashe ka wuce na gaba, har sai ya rage na na'urar kaɗai. Rubutun da ke jikin akwatin tun lokacin gini kada ka gaskata shi, domin an sha ƙara ɗaki ko a ja waya daga soket mafi kusa ba tare da an gyara rubutun ba.

A ce cin tushe wat 340 ne. Birekar falo ya sauke 45, na kicin 20, na ɗakunan kwana 15, na inbata 130, na fitilun waje 110, sannan 20 suka rage bayan an kashe duka. Dole ne jimillar ta dawo 340 ko kusa da haka. Idan ba ta dawo ba, wani abu mai tashi da tsayawa ne ya sauya hali a tsakiyar awon, yawanci firji, sai ka zare shi ka sake daga farko. Idan ka kashe layin firji ko na'urar sanyaya ɗaki, ka ba su minti biyar kafin ka mayar musu da wuta, saboda injinsu.

Akwai tarko guda ga masu na'urar wayifai. Da zarar ka sauke birekar da rauta ke kai, manhajar kan daskare a kan lambar ƙarshe, sai ka ci gaba da rubuta sifili a gaban kowane bireka kana zaton babu abin da suke ja. Ka jona rautar a kan ƙaramin batirinta, ko ka bar layinta zuwa ƙarshe ka auna shi da kilam-mita.

Mataki na 7: Ka shiga cikin layin da ya fi ci

Ka mayar da birekar da ake zargi shi kaɗai, sannan ka bi soket-soket kana zare filogi kana kallon lamba. Ka leƙa bayan kujeru da bayan kabad da cikin sito, ka kuma tuna da silin, inda ake ɓoye na'urar ƙara ƙarfin eriya da ta kyamarorin tsaro. Duk abin da ka samu ka sa shi a mitar soket. Dikoda da yawa suna jan wat 10 zuwa 20 ko an kashe su da rimot. Ƙaramin sitabilaiza da aka bari a jone ba tare da kaya a kansa ba yana ci, kuma ɗuminsa zai gaya maka idan ka ɗora hannu. Injin ruwan sha mai zafi da sanyi yana sake dafa ruwa duk daren Allah ba tare da an sha ba. Cajar waya kuwa, wadda ake yawan faɗa da yara a kanta, da ƙyar take kai wat ɗaya idan babu waya a jikinta, don haka kada ka ɓata lokaci a nan.

Firji da firiza ba a yi musu awon minti ɗaya, sai a bar su a mitar soket kwana guda a karanta yunit. Idan injin ba ya tsayawa ko kaɗan, ka duba robar ƙofa ta hanyar rufe ta a kan takarda: in takardar ta zare cikin sauƙi, sanyi na fita.

Abubuwan da ba su da filogi su ne suka fi ɓoyewa, wato hitar wanka, sumo, fitilun katanga da na'urar sanyaya ɗaki. Waɗannan da makunninsu na bango ake gwada su. Tsohuwar fitilar tsaro mai wat 500 guda ɗaya a bayan gida, idan tana kwana a kunne awa 12, yunit 6 ke nan a dare.

Mataki na 8: Ka karanta zanen don kama masu tashi da kansu

Kowane kaya yana da sawunsa a zane, kamar yadda makiyayi ke bambanta sawun akuya da na tunkiya. Firji yakan fara da ɗan tsini mai tsawo na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ya zauna a wat 70 zuwa 150 na wasu mintuna, ya tsaya, ya maimaita. Firjin da ba ya tara ƙanƙara yana da hitar narkarwa a ciki, wadda ke tashi sau biyu ko uku a rana na kamar minti 20, kuma wannan ba matsala ba ce. Duk abin da ke dumama ruwa yakan hau tsaye ba tsini, ya miƙe a wat 1,200 zuwa 2,000, ya sauka tsaye. Sumo mai ƙarfin doki ɗaya yana farawa da babban tsini, sannan ya zauna a kusa da wat 1,000.

A wani gida zanen ya riƙa nuna tudu mai wat 1,500 na kimanin minti goma, yana dawowa bayan kowace awa biyu, dare da rana. Maigidan ya rantse babu hitar da ke kunne, kuma da muka zagaya duk makunnan hita jar fitilarsu a mace take. Da muka tsaya a akwatin muka jira tudun ya taso muka fara sauke bireka, sai ya faɗi a layin ɗakin baƙi. Makunnin a kunne yake tun tafiyar baƙin sallah, 'yar fitilarsa ce kawai ta ƙone, tankin kuma da ɗumi a jikinsa. Dabarar ke nan ga duk abin da ke zuwa ya tafi: ka gane lokacinsa daga zane, ka je ka jira shi a gaban akwati.

Idan ka ga sumo yana tashi da ƙarfe uku na dare a gidan da aka sa masa makunni mai bin tsayin ruwa, to ruwa ne ke zuba a wani wuri, yawanci tankin masai da ba ya rufewa ko bututun da ya fashe a ƙasa. Mai gyaran famfo za ka kira. Wasu manhajoji suna ƙoƙarin sanya wa kowane sawu suna da kansu, amma ni ban ba wannan muhimmanci ba, domin a wutar da ke hawa da sauka sukan kira dutsen guga hita, su kira firiza famfo.

Inbata na buƙatar kulawa ta musamman. Mai bolt 24 da ke caji a amfiya 20 yana jan wat 600 ko fiye daga mita, kuma a lafiyayyen batir wannan lamba tana raguwa a hankali har ta koma 'yan gomomi bayan wasu awoyi. Idan ka ga ta tsaya a sama ta ƙi sauka, batiran kuma suna zafi suna shanye ruwa da wuri, to sun tsufa, wutar da kake saya tana komawa zafi ne kawai. Ko batir lafiyayye ne, tsakanin caji da mayar da wutar ba abin mamaki ba ne kashi ɗaya cikin uku ya salwanta a batirin ruwa. Masu sola kuma su duba saitin inbatarsu, domin da yawa an bar su suna caji daga wutar kamfani da dare, gari ya waye batir a cike, hasken rana ya tafi a banza.

Mataki na 9: Idan an cire komai amma wuta na tafiya

Abu uku ne ke jawo haka. Na farko yoyon wuta zuwa ƙasa, wanda ya fi yawa da damina a wayoyin da aka binne zuwa fitilar ƙofa ko rijiya, da bangon da ya jiƙe. A nan ne ake rungume layif da nutural na layi ɗaya tare da kilam-mita da gangan: lafiyayyen layi sifili zai nuna, duk abin da ya fito kuwa wuta ce da ta fita ba ta dawo ta hanyarta ba. Rabin amfiya a bolt 230 ya kai wat 115. Wannan ya wuce maganar kuɗi, musamman idan famfo ko ƙofar ƙarfe na jan mutane. Ka bar layin a kashe, ka kira mai gyara a ranar, a kuma sa bireka mai gane yoyo, irin wanda ke faɗuwa a miliamfiya 30.

Na biyu waya ce da ta fita daga gidan. A gidajen haya da gidajen gado da aka raba, sau da yawa ba sata ba ce, tsohon haɗi ne tun lokacin da mita ɗaya ke ciyar da kowa. Alamarsa ita ce zanen yana bin rayuwar wasu mutane, misali ya tashi lokacin buɗe shagon tela ya sauka lokacin rufewa. Ka sauke birekar da magariba ka leƙa waje ka ga fitilar wa ta mutu, sannan ka bi ta hannun mai gidan haya ko mai unguwa, tare da littafinka, maimakon ka yanke waya da kanka.

Na uku haɗakar nutural. Wasu mitoci masu kati suna auna wutar da ke bi ta layif da ta nutural, su yi lissafi da wadda ta fi yawa, don maganin masu zagaye mita. Idan nutural ɗinka ya haɗu da na maƙwabci a bayan mita, wutarsa tana iya dawowa ta mitarka. Ka sauke babban birekarka, ka sa kilam-mita a kan nutural ɗin da ya fito daga mita, in ta nuna wani abu sai a raba wayoyin.

Game da kilam-mita, ka sani cewa ninka amfiya da bolt ba ya ba da wat na gaskiya sai a kayan zafi kamar hita da dutsen guga. A fanka da firji da sitabilaiza lambar kan fi ainihin abin da mita ke caja, don haka ka yi amfani da ita wajen gano layi, lissafin kuɗi kuwa ka bar wa na'urar da ke nuna wat.

Mataki na 10: Idan ba ka da na'urar

Mitar kanta tana iya yin rabin aikin. A fuskarta akwai 'yar jar fitila mai ƙyaftawa, kusa da ita an rubuta adadin ƙyaftawar da ke cika yunit ɗaya, kamar 1000 ko 1600 ko 3200. Ka ƙirga daƙiƙun da ke tsakanin ƙyaftawa biyu da agogon waya. A mita mai 1000, ka raba 3,600 da daƙiƙun, abin da ya fito shi ne wat: daƙiƙa 36 wat 100 ke nan, daƙiƙa 10 kuma wat 360. A mai 1600 da 2,250 za ka fara, a mai 3200 da 1,125. Da wannan za ka iya yin mataki na 5 zuwa na 7 duka, sai dai a hankali. Idan mitar tana kan falwaya, kada ka hau, ka duba takardar ɗan akwatin saka kati da ke cikin gida, domin yawancinsu suna da lambar da ake dannawa su nuna wutar da ake ja a lokacin. Maimakon zanen dare kuwa, ka rubuta yunit lokacin kwanciya da lokacin tashi, kowane dare ka bar bireka ɗaya a kashe, ka ga daren da cin ya faɗi.

Mataki na 11: Gyara da sake awo

Ga kowane abu da ka gano, ka ninka wat ɗinsa da awoyin da yake aiki a rana, ka ninka da 30, ka raba da 1,000, ka samu yunit ɗinsa na wata, sannan ka fara da mafi girma. Hita a sa mata makunni mai ƙidayar lokaci ko a sauya wanda fitilarsa ta mutu. Fitilar tsaro mai wat 500 a maye ta da ta zamani mai wat 50, a haɗa ta da na'urar gane duhu. Dikoda da talabijin da sitabilaizarsu a tara su a soket ɗaya mai makunni. Ka riƙa yin gyara ɗaya kana duba cin tushe kafin ka yi na gaba, domin ka san wanne ne ya biya kuɗinsa.

Bayan mako guda ka sake gwada jimillar na'urar da ragowar yunit a mita kamar yadda ka yi a mataki na 4. Idan zoben yana daidai bayan mita, babu reshen da ya kuɓuce masa, nutural a rabe yake, amma duk da haka mita tana cin fiye da abin da na'urar ta ƙirga da tazara mai yawa, to yanzu kana da hujjar neman a duba ta. Ka rubuta takardar koke zuwa sashen kula da abokan hulɗa na kamfanin da ke ba ku wuta, ka haɗa da lambar mita da jerin awonka na kowace rana da hotunan allon, ka karɓi shaidar cewa sun amsa. Idan ba a warware ba, a Najeriya mataki na gaba shi ne ofishin sauraron koke na NERC da ke yankinku, ko hukumar wuta ta jiha a jihohin da suka karɓi wannan iko bayan dokar wutar lantarki ta 2023.